Maganin Dubu, Dafin Ɗaya: Waiwaye a Kan Annobar Korona da Masu Ciwon Rashin Tsayawar Jini

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-komo tsakanin malamai da masu mulki, wato idan abu ɗaya ya zama magani ga mutum dubu amma ya zama dafi ga mutum ɗaya, mene ne haƙƙin wannan ɗayan a kan dubun? Galibi akan tattauna ta ne a zaure ko a aji, inda babu mai asarar komai ko da wace amsa aka tsaya a kanta. Annobar korona ta shekarar 2020 ta ɗauko tambayar daga zaure ta dire ta a bakin titi, kuma babu waɗanda ya fi dacewa a auna ta a kansu kamar masu ciwon nan da likitoci ke kira hemofiliya, wanda za mu riƙa kira ciwon rashin tsayawar jini. Mun zaɓi mu hango al'amarin daga Adogi, garin manoma da ke cikin ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta nufi Asakiyo da Shandam, domin tazarar da ke tsakanin gari da babban asibiti tana daga cikin abubuwan da ke ba tambayar nauyinta.

Bari mu fara da ciwon kansa, tunda ba kowa ya san shi ba. Idan ƙaya ta soki mutum ko wuƙa ta yanke shi, akwai wasu sinadarai a cikin jininsa da kan farka ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tashi wancan, har su saƙa wata 'yar raga a bakin raunin, jini ya daskare ya tsaya. Masana sun ba sinadaran nan lambobi. Wanda aka haifa da ƙarancin na 8 ko na 9, saƙarsa ba ta kammaluwa. Jininsa bai fi na kowa gudu ba, sai dai ba ya tsayawa a kan kari. Ƙaramin yanka a fata bai cika zama matsala ba. Babbar wahalar tana ciki, inda ido ba ya gani. Jini kan tsiyaya cikin gwiwa ko idon sawu ko gwiwar hannu, gaɓar ta kumbura ta ɗauki zafi, idan abin ya yi ta maimaituwa sai ta sandare, yaro ya tashi da ɗingishi tun bai mallaki hankalin kansa ba. In kuwa cikin ƙwaƙwalwa ne ko maƙogwaro, to, sa'o'i ƙalilan ne tsakanin rai da ajali. An ƙiyasta cewa cikin kowace haihuwar maza 5,000 akan sami ɗaya mai ƙarancin sinadari na 8, na 9 kuwa bai kai haka yawa ba.

Ciwon na gado ne, kuma gadonsa yana bin wata hanya mai ban mamaki. Maza yake kamawa a mafi yawan lokaci, amma ta wajen uwa yake zuwa. Uban da yake da shi ba ya gadar da shi ga 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauke shi a ɓoye, su kuma kowane ɗa namiji da suka haifa yana tsakanin kamuwa da kuɓuta, rabi da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi kuma daga gidan da ba a taɓa saninsa ba suke fitowa. A ƙasarmu sau da yawa askar wanzami ce take fara tono shi, ko ranar cire beli, ko ranar tsaga, ko ranar kaciya. Jini ya ƙi tsayawa, a barbaɗa magani, a ɗaure, a sake ɗaurewa. Daga nan sai a shiga neman wanda za a jinginawa laifi. Wani ya ce hannun wanzamin ne ba shi da kyau, wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce iskoki, idan kuma an binne yaro na biyu sai a fara duban uwar da wani ido, alhali ita ma gadonsa ta yi kamar yadda ta gaji launin fatarta.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a ƙarni na 2 na Miladiyya malaman Yahudawa suka yanke hukuncin cewa idan mace ta rasa 'ya'ya biyu ta dalilin zubar jini bayan kaciya, to, kada a yi wa na ukun. Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013, ya ba da labarin wani ƙauye a Andalus inda maza ke mutuwa daga ɗan ƙaramin rauni. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ɗauke shi ba ta sani ba, ɗanta Liyofold ya mutu da shi a 1884 bayan ya faɗi, kuma ta hanyar jikokinta mata ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifaniya. Mun kawo waɗannan ne domin mai karatu ya lura da hukuncin farko, wanda za mu koma kansa: kaciya doka ce a kan kowane namiji a wurin waɗancan malamai, amma da suka ga wanda dokar ke kashewa sai suka buɗe masa ƙofa.

Yanzu sai korona. An tabbatar da shigarta Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun kuma ta biyo baya bayan 'yan kwanaki. A watan Afrilu aka kulle Kano, inda mace-mace suka yawaita har masu haƙar kabari suka koka, kuma kafin watan ya ƙare cutar ta iso jihar Nasarawa, har ta yi ajalin wani ɗan majalisar dokokin jihar. Daga farkon Mayu aka hana tafiye-tafiye tsakanin jihohi, ba a ɗage hanin ba sai ranar 1 ga Yuli.

Abin da binciken likitoci ya nuna shi ne, ita ƙwayar cutar ba ta ware masu rashin tsayawar jini da wata ƙiyayya ta musamman ba. Ba su fi kowa saurin kamuwa ba, domin ciwonsu bai taɓa garkuwar jiki ba. Hasali ma, tsananin korona yana zuwa ne ta kishiyar ciwonsu. Idan ta yi ƙamari takan sa jini ya riƙa daskarewa inda bai kamata ba, gudaji su toshe ƙananan jijiyoyin huhu, wani lokaci har na zuciya da ƙwaƙwalwa. Wannan ya sa wasu suka yi zaton ko mai jinin da ba ya daskarewa ya sami garkuwa daga Allah a wannan karon, amma ba a tabbatar da haka ba, kuma likitoci ba su yarda a dogara da wannan zato ba. To, idan cutar ba ta ware su ba, me ya ware su? Magungunan da aka tanadar wa jama'a ne suka ware su, kusan kowane ɗaya.

A ɗauki maganin asibiti. Da aka gane cewa daskarewar jini tana cikin abin da ke kashe masu korona, sai ya zama ƙa'ida a yi wa wanda aka kwantar allurar hefarin, mai tsinka jini. Ta ceci rayuka masu yawa. Amma mai karatu ya kwatanta wa kansa yi wa mutumin da jininsa ba ya tsayawa allurar hana jini tsayawa. Shawarar da Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya ta bayar ita ce, kada a hana shi maganin idan yana bukata, sai dai a fara ɗaga sinadarin da ya rasa, a riƙa aunawa, wato likita ya riƙa ƙara wa jini ƙarfin daskarewa da hannun dama yana rage masa da na hagu, kamar mai tafiya a kan siraɗi. Wannan yana yiwuwa ne inda akwai sinadarin a firji, da ɗakin gwajin da zai auna shi, da likitan jini a kusa, sama da duka kuma inda aka san cewa majinyacin yana da ciwon. Haka abin yake a ƙananan abubuwa. Tsinken audugar da ake zurawa cikin hanci domin gwaji yana iya jawo haɓo mai wuyar tsayawa. Zazzaɓi ya sa mutane da yawa, don tsoron a killace su, suka ƙaurace wa asibiti suka koma kemis, inda asfirin da danginsa suke cikin abin da aka fi miƙo wa mai ciwon jiki, alhali su ne aka fi hana mai wannan ciwo sha. Farasitamol ne nasa. Ko rigakafin da ya iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris, 2021, kusan allura miliyan 4 ta AstraZeneca, a cikin tsokar kafaɗa ake yin sa, kuma allurar tsoka na iya tara jini a damtsen mai ciwon. An ce a yi masa, amma da siririyar allura, a danne wurin minti 10 ba tare da murzawa ba, mai tsananin ciwon kuma a ba shi sinadarinsa tukuna. A layin da mutum ɗari ke jira cikin rana, wa zai tsaya ya tambaya?

Sai dai duk waɗannan ba su kai rufe hanya ba. Sinadarin da ake ɗura wa mai ciwon ta jijiya ba a yin sa a Nijeriya. Daga waje yake zuwa, tsadarsa ta fi ƙarfin manomin doya ko riɗi, kuma mafi yawan wanda ake samu kyauta ce daga shirin agaji na ƙungiyar nan ta duniya, ta hannun Gidauniyar Hemofiliya ta Nijeriya, wadda Megan Adediran ta kafa a Kaduna a 2005. Ana ajiye shi ne a wasu manyan asibitoci ƙalilan, irin su Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga shi kuma ba ya daɗewa a jiki, rabin na 8 kan ƙare cikin kimanin sa'a 12, saboda haka babban rauni yana bukatar a maimaita. A ƙasashen da suka wadata mai ciwon yana da maganinsa a gida, yana yi wa kansa tun kafin jini ya zuba, kuma tun 2017 aka fito da wani sabo da ake yi a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako ko ma a wata. Kulle bai raba irin wannan mutum da maganinsa ba. Mu kuwa a nan, maganin yana ƙarshen hanya.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, wani yaro a Adogi cikin watan Mayu na waccan shekara. Damina ta faɗi, ana azumi, kowa yana gona. Ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko fartanya ta sare shi, ko kuwa gwiwarsa ta kumbura haka kawai cikin dare. Isa Lafiya ba shi da wuya. Amma daga Lafiya sai an bi ta Akwanga, a wuce Keffi, a ratsa Mararraba kafin a shiga Abuja, wato sai an ƙetare iyakar jiha a lokacin da aka hana ƙetarewa. Gaskiya ne dokar ta yi togaciya ga tafiyar da ta zama dole, kuma neman magani yana ciki. Amma togaciya a takarda tana bukatar shaida a bakin shinge, shi kuwa wannan ciwo ba shi da shaida a ido. Jami'in da ya leƙa cikin mota yaro zai gani mai kumburarriyar gwiwa, ba jini, ba tari, ba numfashi sama-sama, me zai sa ya ɗauke shi a matsayin gaggawa? Motocin haya sun yi ƙaranci, kuɗin mota ya hau. Shingen kansa ba wurin jayayya ba ne a kwanakin nan: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. Uban da ya ji wannan a rediyo ya zaɓi ya shafa wa ɗansa man zafi ya jira gari ya waye, ba za mu ce ya yi wauta ba.

Ya wajaba a nan mu ba masu mulki haƙƙinsu. A watannin farko babu wanda ya san iyakar ɓarnar da cutar za ta yi, an ga abin da ta yi wa Italiya mai ɗimbin asibitoci, kuma hana cuɗanya shi ne kaɗai makamin da ke hannu. Ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham zamanin annobar Amwas, kuma koyarwar da aka kafa hujja da ita ta hana shiga garin da annoba ta sauka, ta kuma hana fita daga cikinsa. Malaman fiƙihu sun yarda a jure cutar da ta keɓanta ga wasu domin kawar da wadda ta game kowa. A Turai ma, Jeremy Bentham na Ingila, wanda ya rasu a 1832, ya gina falsafarsa a kan cewa aikin da ya fi shi ne wanda ya amfani mafi yawan mutane. Bisa wannan ma'auni, shugaban da ya bar hanya a buɗe saboda 'yan tsiraru ya jefa miliyoyi cikin haɗari, ba tausayi ya yi ba. Mun yarda da wannan. Ba mu ce kada a rufe hanya ba, ba mu kuma ce kada a ba masu korona hefarin ba.

Inda muka rabu da ma'aunin yawa shi ne, yana kammala lissafinsa da zarar ya gano ɓangaren da ya fi nauyi, ya tashi ya bar wanda aka rinjaya a kan sikeli. Shari'ar da muka tashi a cikinta ba ta yin haka. Ba ta kawo hukuncin gama-gari face ta haɗo shi da rangwamensa a ɗaure: azumi wajibi ne, ga sauƙin majinyaci da matafiyi, alwala sharaɗi ce, ga taimama ga wanda ruwa zai cutar. Akwai ƙissar da Abu Dawud ya ruwaito ta wani mutum da dutse ya fasa wa kai a hanyar tafiya, wanka ya kama shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwame, suka ce ba su ga yana da shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wankan, ya mutu. Da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai soki hukuncin wanka ba; su ya zarga da kashe shi, saboda sun zartar da hukunci a kan halin da ba su sani ba, ba su kuwa tambaya ba. Darasin da muke gani a nan shi ne, mai zartar da dokar gama-gari yana ɗauke da nauyi biyu. Na farko kare jama'a. Na biyu neman sanin wanda dokar za ta danne, tun kafin ta danne shi. Sauke na farko ba ya sauke na biyu, kuma rashin sani ba uzuri ba ne ga wanda yake da ikon tambaya.

A nan ne maganar ta fi ɗaci. Ba za a iya buɗe wa mutum ƙofa ba sai an san da zamansa. Idan aka bi ƙiyasin da muka ambata a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, masu wannan ciwo sun haura dubu goma nesa ba kusa ba, amma waɗanda aka gwada aka rubuta sunayensu a lokacin annobar 'yan ɗaruruwa ne. Sauran suna nan a garuruwa irin Adogi, ana ce da ciwonsu sanyin ƙashi ko sammu, ana kai su wurin mai ɗori ya murɗe gaɓar da ke cike da jini, ko a yi musu ƙaho. A kwatanta da sikila. Ita kowa ya san sunanta, ana wa'azinta a masallaci da coci, ana gwajinta kafin aure, kuma uwar da ta ce ɗanta mai sikila ne ya tashi, ko jami'in shinge ya san abin da take nufi. Yawa ne ya ba sikila suna, ƙaranci kuma ya hana ɗan'uwanta. Ashe zaluncin da aka yi wa yaron misalinmu bai fara a ranar kulle ba, shekarunsa sun kai na yaron; kulle dai ya ɗaga zanen ne aka gani.

Akwai kuma wani bashi na daban da duniya ta ci a wurin waɗannan bayin Allah. A shekarun 1970 da 1980 sinadarin da ake ba su ana tace shi ne daga jinin dubban mutane a haɗe, sai ya zo musu da ƙwayar ƙanjamau da ta ciwon hanta. A Birtaniya kaɗai, rahoton hukumar bincike da ya fito a watan Mayu na 2024 ya nuna cewa fiye da mutum 30,000 ne suka kamu ta hanyar gurɓataccen jini da abin da aka sarrafa daga gare shi, kimanin 3,000 sun mutu, kuma masu rashin tsayawar jini suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Waɗanda suka rayu da lalatacciyar hanta su ne korona ta tarar a raunane. Tsauraran matakan tace jini da kowa ke amfana da su a yau, wani ɓangare nasu da rayukan waɗannan 'yan tsiraru aka saye shi. Saboda haka idan aka ce su yi haƙuri domin maslahar jama'a, ya kamata mai faɗa ya san cewa ba yau suka fara biya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matsayin gaggawa a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Amma dalilan rufe hanya ba su ƙare ba a wannan yanki namu. Zazzaɓin Lasa yana dawowa duk rani, ga dokar hana fita idan rikici ya tashi, ga yajin aikin likitoci, ga gadar da ambaliya kan cinye. Abin da ake bukata kafin na gaba bai kai tsadar sinadarin ba. Gwajin farko da ke nuna cewa jinin yaro yana jinkirin daskarewa ba ya bukatar sai an je Abuja, ɗakin gwajin babban asibitin jiha zai iya yin sa. Wanda aka tabbatar yana da ciwon sai a ba shi kati mai hatimi, ɗauke da nau'in ciwonsa da magungunan da aka hana shi da asibitin da ke da maganinsa, wanda likita zai karanta a ɗakin gaggawa, ɗan sanda ya karanta a shinge. A ajiye ko da kwalabe kaɗan ne na sinadarin a Lafiya.

Rajistar kuwa, a ganinmu, ta riga ta wanzu, sai dai ba a rubuce take ba. Tana cikin kan wanzamai da ungozomomi. Babu wanzamin da zai manta gidan da jini ya ƙi tsaya masa, ko bayan shekara talatin ne, kuma Sarkin Aska na kowane gari ya san waɗannan gidaje fiye da kowane ofishi. Idan ma'aikacin ɗakin shan magani na Adogi ya zauna da su wuni ɗaya, zai tashi da sunayen zuriyoyin da ya kamata a gwada. Su kuma wanzaman, kafin su zare aska ranar suna ko ranar kaciya, su tambayi mai jego ko a cikin 'yan'uwanta maza, ko kawunnanta na wajen uwa, ko 'ya'yan 'yan'uwanta mata, akwai wanda jini ya taɓa ƙin tsaya masa. In ta ce akwai, a mayar da aska kube, a kai yaron Lafiya a gwada shi tukuna.